ABIN DA KE JAWO JINKIRI IDAN AN BUƊE FAYIL KARON FARKO

A kusan kowane ofishi da ake tara takardun aiki a cikin babbar kwamfuta guda, wadda sauran kwamfutocin ma'aikata ke ɗebowa daga gare ta, akwai wani kuka da ba ya ƙarewa. Ma'aikaci ya zo da safe, musamman ma ranar Litinin, ya nemi buɗe wani fayil, sai na'ura ta yi shiru kamar an aiki bawa garinsu, har a ƙirga sakan goma ko ashirin kafin rubutu ya bayyana. In ya rufe ya sake buɗewa, kafin ƙiftawar ido ga shi a gabansa. A kira injiniya, ya zo ya taɓa fayil ɗin nan ya buɗe nan take, ya juya ya tafi yana ganin an ɓata masa lokaci, ma'aikaci kuwa ya zauna da takaicin an mai da shi maƙaryaci.

Dukansu biyu suna da gaskiya. Jinkirin da ma'aikaci ya gani ya faru, saurin da injiniya ya gani shi ma ya faru, kuma dabara ɗaya ce ta haifi su duka biyun. Rashin fahimtar wannan dabara yakan sa hukumar ofishi ta kashe maƙudan kuɗi wajen sayen sabuwar na'ura ko faɗaɗa layin sadarwa, a wayi gari jinkiri yana nan daram, watau an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya fi wannan muni shi ne, garin neman sauri wasu kan cire matakan da ke kare takardu daga salwanta. Saboda haka ya kamata masu karatu, musamman waɗanda alhakin sayen kayan aiki ya rataya a wuyansu, su san inda sakan goman nan suke tafiya.

RIJIYA DA RANDA

Babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin ofishi, wadda masu aikin ke kira saba, wasu kuma uwar garke, tana da ma'aji iri biyu. Na farko shi ne faifai, inda bayanai ke zaune dindindin ko da an kashe wuta. Yana da faɗi ƙwarai, amma ba shi da hanzari. Na biyu ita ce ƙwaƙwalwar aiki, wadda take da matuƙar sauri, sai dai ƙarama ce, tana da tsada, kuma da zarar wuta ta ɗauke duk abin da ke cikinta ya goge.

Faifai kamar rijiya yake, ƙwaƙwalwa kuwa kamar randa. Wanda ya fara jin ƙishirwa a gida alhali randa ba kome, tilas ya jira a ɗauki guga a je rijiya a ja ruwa a kawo. Amma wanda ya ɗebo ba ya kawo moɗa ɗaya kawai, randa yake cikawa, don haka duk wanda ya biyo baya sai dai ya miƙa hannu ya sha. Haka uwar garke take yi: duk abin da ta karanto daga faifai sai ta bar kwafinsa a ƙwaƙwalwa, bisa zaton za a sake nemansa ba da daɗewa ba. Wannan ma'ajin kusa shi masana ke kira kash, kalmar da ta samo asali daga Faransanci, mai ma'anar ɓoyewa. Mutum na farko shi ke shan wahalar jira, na baya su sami sauƙi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Kuma randar ba guda ɗaya ba ce. Shi kansa faifai yana da 'yar ƙaramar tasa, uwar garke tana da babba, kwamfutar ma'aikaci ma tana riƙe kwafin abin da ta karɓa. In aka nemi fayil, sai a duba ta kusa tukuna, in babu a matsa ta gaba, har a dangana da rijiya. Buɗewar farko ita ce wadda ta tarar da duk randunan a bushe.

ASALIN DABARAR

Wannan hikima ta girmi yawancin masu amfani da ita a yau. A shekarar 1965 Maurice Wilkes na Jami'ar Kambirij da ke Ingila ya rubuta wata 'yar gajeruwar maƙala inda ya ba da shawarar a sa ƙaramar ƙwaƙwalwa mai sauri a gaban babba mai nawa. A 1968 kamfanin IBM ya bayyana na'urarsa System/360 Model 85 wadda aka gina bisa wannan tsari. A wannan shekara kuma Peter Denning na cibiyar MIT a Amurka ya bayyana dalilin da ya sa dabarar take ci: a kowane lokaci, aiki yana juyawa ne a kan ɗan abu kaɗan daga cikin tarin abin da aka ajiye. Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin rajista ya san haka, domin cikin dubban fayiloli da ke kan kanta, ƙalilan ne ke yawo tsakanin tebur da tebur a mako guda.

Da aka fara haɗa kwamfutoci da waya a ofisoshi, sai dabarar ta ƙara daraja. A 1983 Barry Feigenbaum na IBM ya tsara ƙa'idar musayar fayiloli mai suna SMB, wadda daga baya Microsoft ya ɗauka ya gina rabon fayilolin Windows a kanta. A 1984 kamfanin Sun Microsystems ya fito da tasa, NFS, wadda har yau ake amfani da ita a na'urorin Unix da Linux. A cikin shekarun 1980 ɗin kuma Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh ta gina tsarin AFS don ɗalibai da malamanta masu ɗimbin yawa. Su sai suka zaɓi a kwafo fayil ɗungurungum zuwa faifan mai nema tun a buɗewar farko, ya yi ta aiki a kansa ba tare da ya sake damun uwar garke ba. Sun san sarai cewa buɗewar farko za ta yi nauyi, suka yarda da hakan don uwar garke guda ta iya ɗaukar mutane masu yawa.

TAZARAR DA KE TSAKANI

Don a gane girman bambancin, bari mu duba lissafi. Ɗauko abu daga ƙwaƙwalwa yana cin kimanin kashi ɗaya cikin miliyan 10 na sakan. Faifai mai juyawa irin wanda aka saba sawa a uwar garke yana zagayawa sau 7,200 a minti, watau sau 120 a sakan. Kafin a karanta abu daga kansa, sai hannun karatu ya matsa zuwa layin da abin yake, sa'an nan a jira faifan ya juyo da wurin, wanda a matsakaici rabin zagaye ne. In aka haɗa biyun, ana samun milisakan 10 ko sama da haka, shi kuwa milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan.

A ido wannan ba wani abu ba ne, amma ya ninka lokacin ƙwaƙwalwa sau 100,000. Alal misali, da a ce ɗauko abu daga ƙwaƙwalwa sakan ɗaya ne, to ɗauko shi daga faifai mai juyawa zai ci kusan awa 28, watau fiye da yini da kwana. Sabon faifai marar juyawa, wanda ake kira SSD, a wannan ma'auni zai ci kimanin minti 17, domin ba shi da hannun da zai matsa.

Wannan lissafi shi ne ya bayyana wani abin da ke ba mutane mamaki, wato yadda babban fayil guda kan riga folda mai ƙananan fayiloli buɗewa. In bayanai suna jere wuri ɗaya, faifai yana iya kwararo fiye da megabait 100 a sakan, kuma na'ura takan yi hasashe ta karanto na gaba tun ba a nema ba. Amma in ƙananan takardu 2,000 ne a warwatse, kowace na bukatar tafiyarta ta milisakan 10, to jimla sakan 20 ke nan, ko da duk nauyinsu bai kai na hoto guda ba.

ZANGO-ZANGON BUƊEWAR FARKO

Ba karatun faifai kaɗai ne ke cin lokaci ba. Kafin a kai ga fayil akwai zanguna da dama, kuma kusan kowane yana da randarsa. Da farko kwamfutar ma'aikaci za ta tambayi adireshin uwar garke daga na'urar da ke riƙe da sunaye, ta ajiye amsar na wani lokaci. Sa'an nan sai tantancewa, watau a tabbatar mai nema shi ne wanda ya ce shi ne. Ofisoshi da yawa suna amfani da tsarin Kerberos, wanda aka ƙirƙira a MIT cikin shekarun 1980, inda ake ba mutum wani tikiti da zai riƙa nunawa. A tsarin Microsoft tikitin yakan yi awa 10 in ba a sauya saitin ba. Tikitin jiya ba ya aiki yau da safe, sai an karɓi sabo.

Bayan haka sai ƙulla zance da uwar garke. Uwar garken Windows, bisa saitinta na asali, takan yanke zaman da ya yi minti 15 ba motsi, a na'urorin Linux kuma akwai tsarin da ke sauke folda mai nisa in an daɗe ba a taɓa ta ba, ya sake ɗaura ta sai an nema. Wannan shi ya sa ake ganin ɗan jinkiri bayan hutun rana, ba da safe kaɗai ba.

Zango mafi tsawo a ƙananan ofisoshi shi ne tashin faifai daga barci. Yawancin ƙananan akwatunan ajiya da ake saya a kasuwa sukan tsayar da faifansu in an ɗan jima ba aiki, don tsimin wuta da rage zafi. Faifan da ya tsaya cik yana bukatar sakanni da dama, wani lokaci goma ko fiye, kafin ya kai cikakken gudu. In akwatin yana da faifai huɗu ko takwas, wasu na'urori sukan tashe su ɗaya bayan ɗaya don kada su ja wuta mai yawa lokaci guda, jira ya ƙara tsawo.

Daga nan sai a karanto jerin sunayen da ke cikin folda, da girman kowane fayil, da ranar da aka taɓa shi, da waɗanda aka yarda su gan shi. Manhajar tsaro mai farautar ƙwayoyin cutar kwamfuta ita ma takan tsare fayil ta bincika shi a karon farko, sa'an nan ta tuna cewa lafiyarsa lau har sai ya sauya. Daɗin daɗawa, a 'yan shekarun nan akwai fayilolin da sunansu kawai ke kusa, gangar jikinsu tana can a wata cibiyar ajiya mai nisa. Tun 2017 OneDrive ke da irin wannan tsari a Windows, kuma akwai makamancinsa na uwar garke. Irin wannan fayil sai an sauko da shi ta intanet a taɓawar farko.

NISA BA YA JIN LALLASHI

In reshen ofishi yana wani gari, uwar garke kuma tana hedkwata, sai wani abu ya shigo wanda kuɗi ba sa sayensa, watau gudun haske. A cikin wayar gilashi haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan. Tazarar kilomita 1,000, kwatankwacin Kano zuwa Legas ta hanyar mota, tana cin milisakan 10 zuwa da dawowa, ban da tsaye-tsayen da saƙo ke yi a tashoshin hanya. In kuwa ta tauraron ɗan'adam mai tsayuwa wuri guda ne, wanda ke can sama kilomita 35,786, to tambaya za ta hau ta sauka, amsa ma ta hau ta sauka, kusan rabin sakan ke nan. Taurarin da ke shawagi ƙasa-ƙasa, kimanin kilomita 550, sun rage wannan jira ainun.

Buɗe fayil guda ba tambaya guda ba ce, zance ne mai tsawo na tambaya da amsa, kuma sau da yawa ba a yin ta gaba sai ta baya ta dawo. A ɗauka ana bukatar kai-komo 40. A cikin gini ɗaya ba za a ji su ba, a nisan kilomita 1,000 za su kusa rabin sakan, ta babban tauraro kuwa sakan 20. Faɗaɗa layi ba ya taɓa wannan lissafi, kamar yadda faɗaɗa titi ba ya rage nisan gari. Maganinsa shi ne rage yawan kai-komo. Don haka ne da Microsoft ya fito da SMB na biyu a 2006, ya rage umarnin da ke cikinsa daga sama da 100 zuwa 19, ya kuma ba da damar a ɗaure tambayoyi da yawa a aika tare. Ofishin da har yanzu ke fama da tsohon SMB na farko yana asara biyu, ga nawa ga haɗari, domin ta wani giɓi da ke cikinsa ne ƙwayar WannaCry ta bi ta yi ɓarna a duniya a watan Mayu na 2017.

ABIN DA KE ZUBAR DA RANDA

Babban abin da ke mai da aiki baya shi ne kashe uwar garke. Duk lokacin da ta mutu ta sake tashi, ƙwaƙwalwarta fayau take, kowane fayil ya koma buɗewar farko. A wuraren da ake yawan ɗauke wuta, inda na'ura kan mutu a tsakanin tafiyar wuta da tayar da janareto, ana iya biyan wannan farashi sau da dama a yini guda. Har ila yau, uwar garken NFS ta Linux, in ta farfaɗo, takan ware kimanin sakan 90 don tsofaffin masu aiki su maido da riƙon da suka yi wa fayiloli, a cikin wannan lokaci kuwa sabon mai buɗewa sai ya jira.

Abu na biyu shi ne cikar randa. Tun da ƙwaƙwalwa ba ta kai faifai girma ba, in sabo ya shigo tilas tsoho ya fita, kuma tsohuwar ƙa'ida ita ce a fitar da wanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba. Aibin wannan ƙa'ida shi ne, aikin dare na kwafe dukkan fayiloli don ajiyar ko-ta-kwana yakan karanta kome da kome sau ɗaya, ya ture abubuwan da ma'aikata ke amfani da su kullum. Gari ya waye randa cike take, amma da abin da ba mai nema. A 2003 Nimrod Megiddo da Dharmendra Modha na IBM suka fito da wata dabara mai suna ARC, wadda ke bambanta abin da aka taɓa sau ɗaya da wanda ake yawan komawa kansa. Tsarin ajiya na ZFS yana amfani da irinta, kuma tun fitowar OpenZFS 2.0 a 2020, ma'ajin kusa da aka ɗora a kan SSD yana iya tsira ko da an kashe na'ura.

RUWAN DA YA KWANA

Kowace randa tana da haɗarinta, domin ruwan da ke cikinta yana iya zama ba irin wanda ke rijiya yanzu ba. In wani ya gyara fayil, mai riƙe da tsohon kwafi yana iya ci gaba da ganin tsohon. Don rage wannan, an sa wa kwafi wa'adi. A NFS na Linux, bayanin fayil yakan zauna tsakanin sakan 3 zuwa 60 kafin a sake tambaya, na folda kuwa tsakanin 30 zuwa 60. Windows takan riƙe jerin folda na sakan 10, ta kuma tuna cewa ba ta sami wani fayil ba na sakan 5. Shi ya sa wani lokaci abokin aiki zai ce ya ajiye takarda, a duba ba a gan ta ba, jim kaɗan sai ga ta.

Wata hanyar ita ce ta alkawari. Uwar garke takan ba mai buɗewa na farko izinin riƙe fayil a wurinsa, in wani ya zo nema sai ta aika wa na farkon ya maido da abin da ya rubuta. In kwamfutarsa ta mutu ko layinta ya yanke, na biyu zai tsaya kimanin rabin minti kafin uwar garke ta haƙura ta buɗe masa.

Haɗari mafi girma yana wajen rubutu. Don sauri, na'ura takan riƙe sabon rubutu a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, a Linux har kimanin sakan 30, kafin ta sauke shi a faifai. Ƙa'idar NFS ta tanadi cewa uwar garke ba za ta tabbatar an ajiye ba sai abin ya sauka a ma'aji mai ɗorewa, amma akwai wani saiti da ke ba ta damar amsawa tun kafin haka. Wanda ya kunna shi zai ga sauri nan take, kowa ya yaba masa. Ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, takardun da aka ce an ajiye sai a neme su a rasa, ko a tarar da su a gurgunce, kuma mai yiwuwa ne ba za a gane ba sai ranar da ake bukatarsu.

ABIN YI

Kafin a sayi kome, a fara da awo. A sa agogo a buɗe fayil, a rufe, a sake buɗewa, sa'an nan a buɗe shi daga wata kwamfutar dabam. In ta biyun ta same shi da sauri tun karon farko, to jinkirin yana wajen uwar garke da faifanta. In kowace kwamfuta sai ta yi nata jira, to a duba layi, da tantancewa, da manhajar tsaro. In fayil ɗin farko ne kawai ke jinkiri, sauran duka su biyo da sauri ko da ba a taɓa buɗe su ba, to alama ce ta faifai mai barci ko zaman da aka yanke.

Kowane ciwo da maganinsa. Faifai mai barci a hana shi barci a lokutan aiki. Uwar garke a ba ta batir mai riƙe wuta har janareto ya tashi, wanda kuma zai umarce ta ta kashe kanta cikin tsari in ya kusa ƙarewa. In fayilolin da ake juyawa kullum sun fi ƙarfin ƙwaƙwalwa, ƙara ƙwaƙwalwa ya fi sayen sabuwar na'ura araha nesa ba kusa ba, haka kuma sa SSD don jerin sunaye da ƙananan takardu. Reshe mai nisa a ajiye masa ƙaramar uwar garke mai riƙe kwafi a kusa da shi. Kuma tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ana iya tsara wa na'ura ta karanto manyan foldodin aiki da asuba, bayan an gama kwafin dare, don ma'aikata su iske randa a cike da abin da suke bukata.

Abubuwa biyu ne bai kamata shugaban ofishi ya amince da su ba, kome yawan ƙorafi: kashe manhajar tsaro, da barin uwar garke ta ce ta ajiye abin da bai sauka a faifai ba alhali ba ta da batir. Jiran sakan goma da safe abu ne da ake iya aunawa a kuma rage shi da kuɗi kaɗan, amma takardar albashi ko ta filaye da ta lalace ba tare da kowa ya sani ba, gyaranta yana iya cin watanni, in ma ta gyaru ke nan.